Kwanukan da Aka Juye Ranar Sadakar Uku

Mijina direba ne a wata ma'aikatar tarayya mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Aikinsa ya kai injiniyoyi inda za a yi haƙa, ya jira su gama aune-aunensu, ya dawo da su Abuja. Jiran nan ne ya jawo duwatsun. Wani direban zai kwantar da kujera ya yi barci, ko ya tafi neman mai shayi. Shi kuwa sai ya sauka ya bi gefen rafi yana kallon ƙasa.

Wata rana a wajen Gombe ya tsinci wani dutse a naɗe kamar ƙahon rago, ya nuna wa ɗaya daga cikin injiniyoyin, wani dattijo da ya karanci ilimin ƙasa. Dattijon ya ce masa wannan halittar teku ce, ta mutu tun zamanin da ba a san iyakarsa ba, laka ta rufe ta har ta zama dutse. Ya ce inda suke tsaye ɗin nan, a da can ruwan teku ne. Malam, haka nake kiran mijina, ya dawo gidanmu na Jikwoyi da dutsen a aljihun kaftani, aljihun ya yage. Ni na ɗinke, don ɗinki ne sana'ata. Daga ranar na ɗinke aljihu ba adadi.

A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kuɗi ya shigo gari. Ko'ina ka duba gini ake yi. Tifofi suna ta sauko da tsakuwa daga Mpape, ana fasa duwatsu da nakiya har tagogi su girgiza. Kowa a ma'aikata maganarsa fili, daga darakta har masinja. Malam yakan kalli tifa ta wuce ya ce dutsen Abuja dutsen wuta ne, babu abin da ya taɓa rayuwa a cikinsa, shi ya sa sai ya yi tafiya yake samun abin tsinta.

Yana da yaya mace da ke aure a Tungan Maje, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Yaya muke ce mata duka. Duk zuwan da za ta yi sai ta taɓo maganar. Takan ce abokan aikinsa sun tara filaye a Kubwa da Lugbe, shi ya tara tsakuwa, ko kaji ba ya da su da za su tsattsage ta. Shi dariya yake yi, ya ce ai filin da ya tara ya fi nasu faɗi, tun daga Sakkwato har Binuwai, sai dai a cikin kwano yake.

Maganar kwano gaskiya ce. Da duwatsun suka fara yawa, ya rasa inda zai zuba su, sai ya roƙe ni aron kwanukan jerena, irin masu fenti da murfi waɗanda aka kawo ni da su. Zamanin kuloli ya zo, ba mai cin abinci a cikinsu, suna jibge a ƙarƙashin gado. Na ba shi. Ya sa kafinta ya buga masa katakai a ɗan siton da ke jikin ɗakinmu, ya jera su.

Bai yi rubutu a jikin ko ɗaya ba. Ya gwada manna takarda, gara da damshi suka cinye, ya bari. Kwanon shi ne shaidar. Mai jan fure na Gombe ne, a nan masu naɗin ƙahon rago suke. Mai hoton zakara na ƙasar Sakkwato ne, cike da haƙoran kifaye ƙanana masu kaifi, da wasu 'yan dunƙule kamar ƙosai masu zanen tauraro a baya. Mai shuɗin baki na wajen Lafiya da Awe ne, ɓawon katantanwa a cikin baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle. Akwai na hanyar Lokoja, akwai na Bida. Idan wuri guda ya ba da abu daga rafi biyu, sai ya sa ƙaramin kwano a cikin babba. Manyan da ba su shiga kwano ba suna ƙasa a kan buhu, kowanne a gindin katakon garinsu: wani guntun icce da ya zama dutse, har ana ganin zanen ɓawonsa, da wani faffaɗan dutse mai cike da ɓawon katantanwa, da wanda ya fi ƙauna, ƙaton mai naɗi daga Gombe, faɗinsa ya kai faranti. Sai da mutum biyu suka taya shi ɗora shi a bayan mota.

Dattijon injiniyan ne ya koya masa ƙa'idar, shi kuma ya riƙe ta kamar karatun allo: dutsen da ba a san inda aka tsince shi ba, rabin labarinsa ya tafi. Ranar Asabar idan ba tafiya, yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar sito, ni ina kan keken ɗinki a gefe. Da tsohon burushin haƙori da karyayyun alluraina yake cire ƙasa daga jikinsu. Yana da ɗan kwalba na ruwan batir, ya ɗiga a jikin dutse; idan ya yi kumfa, ya ce wannan dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi. Kwano ɗaya yake buɗewa a lokaci guda. Sai ya rufe shi ya mayar kan katako kafin ya sauko da wani, ko da kiran salla aka yi a tsakani.

Akwai kuma dutsen sama. Guda ɗaya tak ya samu a rayuwarsa. Wani tsohon manomi ne a wani ƙauye can kan iyakar Nijar ya ba shi, bayan Malam ya kai matarsa asibiti a motar ofis. Tsohon ya ce yana saurayi ya ji ƙara kamar aradu da rani tsaka, ba hadari ba komai, abin ya faɗo a gonar babansa, tun lokacin yana ajiye a rumbu. Bai wuce dunƙulen hannu ba, amma ya fi girmansa nauyi. Baƙi ne kamar an babbake shi, da 'yan lotse-lotse kamar an danna yatsa a curin fura. Malam ya goge wani ɗan lungu da magagari, aka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe suna ƙyalli a ciki. Ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya ɗaura a zare, idan ya kawo shi kusa sai ya manne. Ba ya barin ruwa ya taɓa shi, ko da jiƙaƙƙen hannu. A naɗe yake cikin ƙyallen da na yanko masa, a ƙaramin kwano shi kaɗai.

Da mutane suka ji yana neman dutsen sama, sai suka dinga kawo masa baƙaƙen duwatsu. Wani manomi daga Jiwa ya kawo rabin buhu. Duk kashin maƙera ne na mutanen da, mai huji-huji, wasu kuma marmara ce. Bai zubar ba. Ya ware musu kwano mai ɓararren murfi, ya sa masa suna kwanon maƙaryata, ya ce yana son ya riƙa ganinsu don kada wata rana su ruɗe shi.

Duk tafiyar da zai yi, bayan ya yi mini sallama ya rataya jaka, sai ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Madam tela, a duba mini sito. Kada a haɗa mini su." Nakan ce masa wa zai haɗa, ɓera? Har ya zama kamar wasa tsakaninmu. Ya faɗa ranar tafiyarsa ta ƙarshe, na ba shi amsar da na saba.

Tankar mai ce ta ƙwace ta afka wa motarsu a hanyar Lokoja, da damina. Injiniyoyin sun ji rauni, shi kaɗai ya rasu. Aka kawo shi, aka yi masa sutura, aka kai shi. Ban yi fushi da wannan ba. Kwanansa ne ya ƙare, wanda ya ba ni shi ya karɓi abinsa. Na yi kuka kamar yadda kowa ke yi, na shiga takaba, aka zaunar da ni a kan tabarma a ƙuryar ɗaki cikin hijabi, mata suka kewaye ni.

Yaya ta karɓi ragamar gidan tun ranar farko, kuma ba zan ce ba ta yi ɗawainiya ba. Ita ke karɓar baƙi, ita ke raba wurin kwana. Da ta ji darakta da mutanen ma'aikata za su zo sadakar uku, ta ce ba za a ji kunya a kan ƙaninta ba. Ta sa aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera kujeru, aka aro manyan tukwane biyu na dafa-duka.

Da hantsi a ranar, ina zaune ana ta shigowa gaisuwa, sai na ji ana ƙwanƙwasa tagar bayan ɗaki. Maƙwabciyata ce, wata Kirista 'yar Filato mai sayar da kayan miya, mun daɗe katanga ɗaya. Ta san sito, don ta sha tsayawa kallon Malam yana goge-gogensa tana masa dariya. Ta sa baki a jikin ragar taga ta ce a hankali, "Maman gida, ka fito fa. Yaya yana zubar da dutsen oga a bayan ɗaki."

Na miƙe. Wata gwaggonsa da ta zo daga gida ta riƙe gefen hijabina ta ce ina zan je, tsakar gida cike da maza masu shigo da itace da ruwa, ni kuwa mai takaba ce ta kwana uku. Na ce to a kira mini Yaya. Aka ɗan jima ta zo, ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta da danshin wankin shinkafa.

Na ce, "Yaya, don Allah kada a taɓa kwanukan sito. Ya ce kada a haɗa su."

Ta ce, "Wa ya ce?"

"Malam."

"Malam yana kabari, ƙanwata, baƙi kuma suna hanya. A tafin hannu kike so in zuba wa darakta abinci? Kwanuka masu kyau haka a cika su da tsakuwa." Ta goge hannu a zane. "An ma riga an juye. Kwantar da hankalinki, ga su can a tare wuri ɗaya, ko guda bai ɓata ba."

Ta faɗi haka ne don in ji daɗi. A ganinta ta kyauta, tunda ba ta sa an watsar a bola ba. Na buɗe baki in yi mata bayani, amma ta yaya zan fara, a gaban mata cike da ɗaki, in ce mai jan fure Gombe ne, mai zakara Sakkwato ne? Kalma biyu kawai na faɗa. Matan suka hau ba ni haƙuri. Wata ta ce zafin mutuwa ne, haka yake sa mutum ya kama abin da bai kai ya kawo ba. Wata ta miƙo mini carbi. Yaya ta riga ta juya, ana kiranta a wajen tukunya.

Ban san da maganar murhu ba sai da na ji ƙarar. Kamar taya ta fashe a tsakar gida. Mata suka watse suna salati, aka ji tukunya ta karkace, ruwa yana zuba a wuta. Can kuma aka sake jin wata ƙarar, ƙarama. Babu wanda ya shigo ya gaya mini, kuma ban bukaci a gaya mini ba. Malam ya taɓa ce mini dutsen farar ƙasa ba ya jure wuta, tsagewa yake ya yi tsalle. Manyan tukwane suna bukatar manyan duwatsun murhu, ga su kuwa an samu a sito a kan buhu, a share, a kusa.

Wannan shi ne abin da har yau idan na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna. Jikwoyi ba garin da ake rasa dutse ba ne. A tsallaken layinmu akwai tulin duwatsun wani mai gini, har akuyoyi ke hawa. A bayan masallaci dutse ne a shimfiɗe. Birni guda ana fasa duwatsu ana tallarsu a tifa, amma ba a samu wanda zai taka ƙafa ya tsallaka layi ba. Sai waɗanda mutum ya ɗauko daga Gombe a bayan mota, ya yi shekaru yana cire musu ƙasa da allura.

Daga ɗaki ina jin abin da ake faɗa a waje. Wata ta ce dama irin waɗannan duwatsu ba a rasa mutanen ɓoye a jikinsu. Yaya ta ce ita ta daɗe tana faɗa masa, Allah dai ya gafarta masa. Wata mata ta ɗan ƙone a ƙafa, aka shafa mata man goge baki. Sai a lokacin aka aika aka kwaso duwatsu daga tulin mai gini, aka sake ɗora tukunya. Ba a ɗauki lokacin shan ruwa ba.

Darakta ya zo da mutanensa. An ce ya yi magana mai kyau, ya ce ba su taɓa samun direba mai amana irinsa ba. Suka ci dafa-duka a cikin mai jan fure da mai zakara da mai shuɗin baki. Da yamma aka wanke kwanukan, aka jera wani cikin wani, Yaya da kanta ta shigo da su ta ajiye a gefen gadona, ta ce ta sa an wanke mini su tas, har da toka.

A yammacin nan aka yi ruwa, aka kuma yi washegari, aka ci gaba. Ina zaune ina jin sa a kan kwanon rufi, na san abin da yake sauka a kai a bayan ɗaki. Na roƙi gwaggo a rufe tulin da leda, ta ce to, ba a rufe ba. Maƙwabciyata ta gwada zagayawa, Yaya ta ce mata nan gidan makoki ne, ba wurin wasan yara ba.

Sai da baƙi suka watse, gida ya rage ni da ƙanwata da aka bar mini, sannan na zagaya. Tuli ne guda a gindin katanga, inda ruwan indararo ke zuba. Baƙaƙen nan masu ɓarewa na wajen Lafiya sun jiƙe, yawancinsu sun koma laka. Haƙoran kifi, da yake ƙanana ne, ruwa ya ja su cikin kwata. Na bi da rariya na tsamo abin da na iya. Masu kama da ƙosai sun ragu, yaran unguwa sun ga abin wasa. A wurin murhun, iccen da ya zama dutse yana nan ya yi baƙi ya rabe biyu. Ƙaton na Gombe kuwa ɓaraguzai na tarar a cikin toka, fari-fari, ina taɓawa suna marmashewa. Guntu ɗaya ne ya rage da ake ganin naɗin a jikinsa.

Dutsen sama yana can ƙasan tulin, cikin maƙaryata. Ƙyallen ya rabu da shi. Na gane shi da nauyinsa da ɗan lungun da aka goge, amma lungun ba ya ƙyalli kuma. Tsatsa ta fito masa ja-ja, ta gangaro a jikinsa. Ya yi shekarun tsoho guda a rumbu, ya yi namu a kwano, ruwa bai taɓa shi ba sai a wannan mako.

Takabata a ƙofar sito na yi ta. Na shimfiɗa tabarmarsa, na ɗauko burushin da kwalbar ruwan batir da maganaɗisu. Ashe na koyi abubuwa daga kan keken ɗinki ban sani ba. Na ware masu naɗi gefe, haƙora gefe, ɓawon katantanwa gefe, maƙaryata gefe. Iri ba wuya. Gari ne ya gagare ni. Katantanwar Sakkwato da ta Binuwai duk ɗaya suke a idona. Masu naɗin ma ba daga rafi ɗaya suka fito ba, shi ya sa ya sa ƙananan kwanuka a cikin babba, ni kuwa ban taɓa kula da wanne ke cikin wanne ba. 'Yan kaɗan na tuna ta hanyar tsaraba: wannan ya zo tare da doya, to na wajen Lafiya ne, wancan ranar da ya kawo kilishi ne, wani kuma shi ya yaga aljihun farin kaftani na Sallah. Waɗannan na mayar da su kwanukansu. Sauran na zuba a babban daro. Na ƙudura ba zan sa dutse a kwano da zato ba, don shi bai taɓa yi ba.

Bayan na fita takaba da kaɗan, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida yana neman Malam. Malamin jami'a ne daga Gwagwalada, mai koyar da ilimin ƙasa. Sun haɗu a wajen wani aikin rijiya, Malam ya ba shi labarin sito, ya yi alkawarin zuwa bayan damina. Bai ji rasuwar ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya nemi izini ya ga duwatsun, idan ba zai dame ni ba. Na sa ƙanwata ta taya ni fito da daron.

Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya durƙusa a kan tabarma da wandonsa mai guga, yana ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa da ɗan gilashi, yana kiran sunayensu da Turanci. Ya ce wanda ya tara waɗannan yana da ido. Sai ya ɗago wani mai naɗi ya ce, "Hajiya, wannan daga ina?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya ɗauki wani. "Wannan fa?"

"Ban sani ba."

Haka muka yi ta yi. Duk amsar da na bayar sai in ji kamar ana sake juye kwano. A ƙarshe ya daina tambaya. Na gaya masa abin da ya faru a taƙaice, ban ambaci wadda ta yi ba. Ya ce wasu zai iya cankar yankinsu daga launin dutsen, amma canka ba shaida ba ce, ba zai iya rubuta ta a takarda ba. Da an san rafin da kowanne ya fito, da akwai biyu ko uku da zai so a koma a duba wurin. Yanzu dai za su yi amfani wajen nuna wa ɗalibai iri-iri. Dutsen sama kuwa ya juya shi a hannu ya daɗe, ya ce na gaske ne, ya tambayi sunan ƙauyen. Malam ya sha faɗa mini, amma ni abin da na riƙe shi ne kan iyakar Nijar da tsoho da rumbu. Ya ce in ajiye shi a busasshen wuri, tsatsar ba za ta koma ba, amma za ta iya tsayawa.

Na ba shi rabin abin da ke cikin daron don ɗalibansa. Da zai tafi ya ce in yi haƙuri. Daga bakinsa kaɗai kalmar ba ta ƙona ni ba, don shi ya san abin da aka rasa.

Yaya ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ba wai tana gudu ba ne; ta manta. Tana zuwa lokaci-lokaci, ta kawo mini manja ko dawa, ta zauna ta yi kukan ƙaninta da gaske. Ni kuma in ba ta ruwa, in gaishe ta yadda ya kamata. Na yi ta jira ko sau ɗaya ta ce, ashe duwatsun nan suna da muhimmanci a wurinsa. Ba sai ta ce ta yi kuskure ba. Ba ta faɗa ba.

Da shekara ta zagayo aka sa bikin 'yarta. Ta zo gaya mini, muka yi murna, na ce ɗinkin amarya a kaina yake. Har ta miƙe za ta tafi sai ta ce af, ta tuna, kwanukan nan na sito, za ta aiko a kwasa ranar walima, sun yi mata kyau wancan karon, dangin ango mutanen da ne, za su yaba.

Na ce, "Ba zan bayar ba, Yaya."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta yi 'yar dariya, ta wuce ni ta tura ƙofar sito. Suna nan a jere a kan katako, kowanne a inda ya bar shi. Ta ɗaga murfin mai jan fure, duwatsu biyu da guntun da ya tsira daga wuta. Ta ɗaga na mai zakara, 'yan haƙora a gindi. Ta ɗaga na mai shuɗin baki, da na kusa da shi, da na gaba.

Ta ce, "Ke, waɗannan ai babu komai a ciki."

Na ce, "Na sani. Ke kika juye."

Ta tsaya da murfin a hannu tana kallona. Ta ce ashe abin da na riƙe ke nan shekara guda, saboda tsakuwa, ita da ta goya shi a bayanta, ita da ta tsaya a kan gawarsa. Na ce duk na sani, Allah ya saka mata. Na karɓi murfin daga hannunta na mayar a kan kwanonsa, na jira ta fito, na ja ƙofar na sa kwaɗo.

Na yi ɗinkin amarya kamar yadda na ce, ban karɓi komai ba. Na je bikin, aka ci abinci a kuloli da robobi, ba wanda ya kwana da yunwa. Labari ya zaga dangi cewa matar marigayi mai riƙo ce, ta hana aron kwanukan da ba komai a ciki. Gwaggo ta aiko mini da saƙo daga gida cewa in ji tsoron Allah, duniya ba wurin zama ba ce. Na ce a gaya mata na ji. Tsakanina da Yaya yanzu gaisuwa ce, ta Sallah da ta rasuwa.

Mai gidan da muke haya ya sayar da shi daga baya, aka rushe aka yi bene. Da zan tashi na naɗe kowane kwano a tsumma daban, na ɗaure murfinsa da zare, na zauna a bayan motar kaya tare da su har sabon ɗakin da na kama a can ciki, wajen Karshi. Kafintan da na kira ya tambaye ni katako nawa zai buga, na nuna masa yadda suke a da. Daron yana ƙasa a kan buhu. Dutsen sama na yanko masa sabon ƙyalle, idan damina ta kama nakan buɗe in duba ko tsatsar ta ƙaru.